Rahoton Kwamitin Gyara Kan Wankin Rufin Masallacinmu na Atlanta

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyaye da 'yan'uwa, an kammala aikin rufi, kuma ba a kai ga sauya shi ba kamar yadda wasu suka yi fargaba a taron da ya gabata.

Baƙin zanen da ke gangarowa daga tsororuwa ba ruɓewa ba ne, ba kuma hayaƙi ba ne. Wata irin gansakuka ce, masana na kiranta Gloeocapsa magma. Iska ke kawo ta daga rufin maƙwabta, ta zauna inda laima take daɗewa, shi ya sa gefen arewa, wanda rana ba ta duka sosai, ya fi baƙi. Fallayen kwaltar da ake rufi da su a Amurka akwai garin farar ƙasa a cikinsu, shi ne abincinta. Baƙin kuwa rigar da take yi wa kanta ce don kare zafin rana. Ga damshin jiharmu ta Jojiya, sai ta samu wurin zama.

Wani matashinmu, Allah ya saka masa, ya zo da injin feshi mai ƙarfi ya gwada a kusurwa ɗaya. Da muka leƙa indararo sai ga tsakuwar fallayen ta taru kamar yashin rafi. Nan take muka dakatar, domin tsakuwar nan ita ce garkuwar rufin.

Sai muka ɗauko ma'aikaci mai igiyar tsaro. Ya haɗa bilic da ruwa rabi da rabi, ya fesa da safe rana ba ta yi zafi ba, ya bar shi minti 15 zuwa 20, ya ɗauraye da mesa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ba goga, ba kankara. Gefen arewa sai da aka maimaita. An jiƙa shuke-shuke kafin a fara da bayan an gama, amma furannin bakin ƙofar mata sun yi yaushi. Laifinmu ne, mun manta da su.

An kafa siririn ƙarfen tutiya a bakin tsororuwa, ruwan sama zai riƙa wanko shi yana hana gansakukar sake kama wuri. Ba zai hana ta har abada ba.

Saura reshen bishiyar maƙwabcinmu da ke yi wa rufin inuwa. Malam Liman ya ce zai yi masa magana bayan Juma'a.