Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Garuwa: Kada A Karɓi Gona Kafin A Ga Masana'anta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Magajin Gari, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da 'yan majalisar birni baki ɗaya, na rubuto ne a kan maganar keɓe fili domin masana'antu, maganar da ba ta barin bakin hukumomi tun da gwamnatin Kamaru ta fito da tsarin raya ƙasa na 2020 zuwa 2030, inda ta sa sarrafa kayan gida a sahun gaba. Ni mai sayar da yadi ne a babbar kasuwa, kuma ina cikin masu son wannan abu da zuciya ɗaya. Roƙona guda ne. Duk ranar da takardar neman amincewa ta iso gabanku, kada ku sa mata hannu haka nan. Ku ɗaure ta da sharaɗin cewa babu manomin da zai tashi daga gonarsa sai an tabbatar akwai wutar da za ta juya inji, akwai kuma mai injin da ya shirya zuwa da kuɗinsa.

Dalilin da ya sa nake son masana'antu yana jibge a rumfata. Ƙasar auduga muke zaune. Sodecoton, wadda aka kafa a 1974, a nan Garuwa hedikwatarta take, kuma a shekarar da damina ta yi kyau audugar da take saye a hannun manoma takan wuce tan dubu 300. Ana gurje ta a nan, ana matse angurya a nan da Marwa a fitar da man Diamaor, tunkuzar kuma ta tafi wajen masu kiwo. Amma ita kaɗar, wadda ita ce dukiyar, kusan dukkanta ɗaure ta ake yi a loda a manyan motoci zuwa Ngaundere, ta hau jirgin ƙasa zuwa Duwala, ta haye teku. Sai ta komo mana atamfa da shadda daga Sin da sauran ƙasashen Asiya, mu saya da tsada, mu sayar wa matar manomin da ya noma ta. Duk wanda ya yi kaɗi, ya yi saƙa, ya yi rini, ya buga zane a tsakanin fitar da komowar, albashi ya karɓa, kuma ba ɗanmu ba ne. 'Ya'yanmu suna kan babura suna acaba da takardun makaranta a aljihu.

Amma ranka ya daɗe, Garuwa ba baƙuwar masana'anta ba ce, shi ya sa ba mu da uzurin yin abu a makance. Masaƙar CICAM tana nan tun 1965, da injinan kaɗi da saƙa a garinmu, da na buga zane a Duwala. Iyayenmu sun ci abinci a cikinta, kuma duk macen Kamaru ta san zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Kowa ya ga yadda bashi da tsufan injuna da tsadar wuta da kwararowar yadin waje da gwanjo suka durƙusar da ita. Ba fili ta rasa ba. Haka kuma hukumar MAGZI, da aka kafa a 1971 domin shirya yankunan masana'antu da kula da su, tana da yankinta a nan wajen Jambutu. To kafin a yanki sabon fili, ina roƙon majalisa ta nemi a karanta mata a fili: fuloti nawa ne a tsohon, nawa aka gina, nawa ke aiki yau, nawa ne aka zagaye da katanga aka bar wa ciyawa. In ya cika, alhamdu lillahi, hujjar sabon ta tsaya da ƙafarta. In bai cika ba, sai mu tambayi kanmu abin da ya hana masu kuɗi zuwa, domin abin da ya hana su shiga tsohon shi zai hana su shiga sabon.

Ni a ganina amsar wuta ce. Jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna rataye a wuyan madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya cika kuma injinanta huɗu suna lafiya. Yawan mutanen da aka gina ta dominsu ya ninka tun tuni. Yashi da laka sun rage cikin tafkin, kuma da zarar an shiga Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ruwa ya ja baya, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. An taimaka da injinan wuta masu aiki da man dizal a Jambutu, an kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar masu megawat 30 a haɗe, kuma mun gode Allah, an ji sauƙi. Sai dai wutar da za ta ishi fanka da firij daban take da wutar da masaƙa ke nema. Inji mai kaɗa zare dare da rana yake aiki; in wuta ta ɗauke zare ya tsinke, aikin awa da awanni ya lalace, ma'aikata suna zaune ana biyan su. Mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara a garin nan duk sun san wannan a jikinsu, balle wanda zai zuba biliyoyin sefa.

A kudu an gama madatsar Nachtigal a kan kogin Sanaga mai megawat 420, amma layin arewa da na kudu ba a haɗe suke ba tun asali, kuma aikin haɗa su shi muke zuba wa ido. Na san ba ofishinka ke jan waya ba. Abin da ke hannunka shi ne ka ƙi karɓar alkawarin baka. Duk wanda ya kawo muku taswirar yankin masana'antu, ya haɗo da takarda daga masu raba wuta mai faɗin megawat nawa za a ware wa wurin, daga ina, kuma daga wace shekara. In ya ce zai kafa tasa tashar hasken rana, ya nuna filinta da kuɗinta da abin da zai riƙe wutar da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ma haka. Layin jirgin ƙasa iyakarsa Ngaundere tun 1974, tashar jirgin ruwanmu ta Binuwai kuwa, wadda a da kaya ke zuwa ta cikinta daga Najeriya a watannin cikar kogi, yashi ya cinye ta. Komai sai ta titin ƙasa mai lamba 1, da gangaren Mbe da direbobi ke shiga da addu'a. Wannan ya isa ya nuna cewa masana'antar da za ta rayu a nan ita ce wadda kayan aikinta ke kusa, kasuwarta ma ke kusa: auduga, gyaɗa, masara, shinkafar Lagdo, albasa, fata da ƙiraga, nama da madara, masu saye kuma daga nan har Yola da Mubi da Njamena.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Filin da injiniya zai so, wato shimfiɗaɗɗe, kusa da titi, kusa da ruwa, ba kango ba ne a kewayen Garuwa. Gonar wani ce. Wani wurin karal ne, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, da ake dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa, dawar da ke ciyar da gidaje a lokacin da rumbun damina ya fara sauka. Wani wurin lambun albasa ne, wani kuma burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya ko zuwa kasuwar Adumri. Mafi yawan masu waɗannan gonaki ba su da takardar mallakar fili ta hukuma. Gado suka ci, ko jauro da lawan, wato mai unguwa da dagaci, suka ba kakanninsu a gaban shaidu, da sanin fadar Lamiɗo. A idon dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, irin wannan ƙasa tana cikin filin al'umma da gwamnati ke riƙe da shi. Dokar 1985 mai magana a kan karɓar fili domin amfanin jama'a kuwa, wanda ke da takarda shi ake biya kuɗin ƙasar kanta. Mara takarda, abin da ya shuka ko ya gina kawai ake ƙiyasta masa, kuma farashin amfanin gona da aka daɗe ana lissafi da shi tun 2003 aka tsara shi. Ka duba kuɗin buhun masara a wancan lokaci da na yau, ranka ya daɗe.

Ma'anar wannan ita ce mutumin da gonarsa ta ciyar da gidansu tun kaka da kakanni zai iya tashi da kuɗin amfanin shekara guda. In ya ci ya ƙare, shi ke nan. Idan da masana'anta ta tashi a wurin, ɗansa ya samu aiki, to akwai abin da za a ce an musanya. Abin tsoro shi ne a kore shi, a kafa allo, a yi bikin aza harsashi, sannan shekaru su shuɗe babu hayaƙi babu ƙarar inji, daga baya a ji an yanka wurin fuloti-fuloti ana sayar wa masu hali su gina gidaje. Wannan zalunci ne ko da an yi shi da hatimi, kuma haƙƙin yana kan duk wanda ya ɗaga hannu a zauren majalisa.

Na san ayyana fili a matsayin na amfanin jama'a aikin ministan filaye ne a Yawunde, kwamitin ƙiyasta diyya kuma perfe, wato wakilin gwamnati mai mulkin gunduma, ke jagorantarsa. Amma tsarin birni da izinin gini a hannun magajin gari suke, kuma tun da dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta kawo zaɓaɓɓen magajin gari a madadin wakilin da ake naɗowa, muryarka muryar mutanen Garuwa ce, ba ta wanda ya aiko ka ba. Ka yi amfani da ita. A riƙa buɗe yankin kashi-kashi, kada a taɓa kashi na biyu sai na farko ya cika, manoma su ci gaba da noma sauran har ranar da ake bukatarsa da gaske. Wanda za a tasa a ba shi wata gonar mai kama da tasa kafin a taɓa tasa, ba kuɗi kaɗai ba, kuma a rubuta sunan mai aro da bazawarar da ke noma gonar marayunta, kada a tsaya a kan mai baki a unguwa. Mai masana'antar da aka ba fuloti a sa masa wa'adi. Dokar 1976 ma ta san bayar da fili na wucin gadi da bai wuce shekara 5 ba sai an ga aiki a ƙasa. In wa'adi ya cika bai gina ba, fili ya fita hannunsa, kuma kada a yarda ya sayar ko ya mai da shi gidajen haya.

Sai kogi. Binuwai muke sha, a cikinsa masunta ke neman abinci, kuma bayan ya bar mu mutanen Yola da na gaba da su shi suke sha. Rini da jima da mahauta duk suna fitar da ruwa mai guba. Dokar muhalli ta 1996 ta wajabta binciken illar babban aiki kafin a fara shi, kuma ƙa'idar 2013 ta ce a zauna da mutanen wurin a ji ta bakinsu. Ina roƙo wannan zama ya kasance na gaskiya, a ƙofar jauro, da Fulatanci da Hausa da harshen mutanen ƙauyen, ba a ɗakin taron otal da Faransanci ba, kuma mata su samu nasu zaman. Wurin tace ruwan datti a gina shi kafin masana'anta ta farko ta kunna inji. Wanda ya ga ambaliyar 2012 kuma ba zai yarda a ajiye ma'ajiyar sinadari a inda ruwa ke kwanciya ba.

Kada kuma a zana yankin domin manyan baƙi kaɗai. Masu walda da kafintoci da maƙera da majema da mata masu matsar man gyaɗa da teloli masu ɗinkin kayan makaranta, su ne masana'antun da Garuwa ke da su a yau, suna aiki a bakin titi da cikin zaure, hayaniyarsu na damun maƙwabta, wuta na yi musu wasa. A ware musu sashe mai ƙananan rumfuna da hayar da za su iya biya, da wuta da ruwa da rumbun ajiya na haɗin gwiwa. Waɗannan ba sai an roƙe su da rangwamen haraji ba, gobe za su tare. Jami'ar Garuwa da aka kafa a 2022 da makarantun koyon sana'a su san irin ma'aikatan da za a nema tun yanzu, don kada ranar ɗaukar aiki a ce yaranmu gadi da dako kawai suka iya.

Dokar 2019 ɗin nan ta ba kowane mazaunin gari damar neman ganin bayanan zaman majalisa da kasafin kuɗi. Kada ka jira sai mun nema. A sanar da ranar zaman a rediyo tun da sauran lokaci, a liƙa taswirar wurin da sunan kamfanin da sharuɗɗan a ofishin birni da na Garuwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a kai kwafi ga jauron kowane ƙauyen da abin zai shafa. Mu 'yan kasuwa za mu zo mu zauna a baya mu saurara, kuma za mu ɗauko manoman da motocinmu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani mai sayar da yadi a babbar kasuwar Garuwa