A auna malami da tafiyar da ɗalibi ya yi, amma a raba awon da kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi ra'ayina kan wani tsari na auna ƙwazon malaman makaranta da aka fara kawo mana a tarukan bita. Ni hedimasta ne a wata firamare ta yara maza a Gadarif, gabashin Sudan. Yawancin yaran da ke hannuna jikokin mutanenmu ne da suka taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji, ko bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a nan. Hausa suke yi a gida, Larabcin littafi kuwa sai a aji suke gamuwa da shi. Na rubuto ne domin abin da aka kawo wa malamin Gadarif yau, gobe za a kai wa na Kano da na Damagaram, in ma ba a riga an kai ba.

Ga yadda tsarin yake. A farkon shekara malami zai gwada yaran ajinsa ya ga inda kowa ya tsaya. Sai ya rubuta buri a takarda da adadi, misali, cikin yara 60 da ba sa iya karanta jimla, 45 za su iya kafin shekara ta ƙare. Hedimasta ya duba ya sa hannu. A tsakiyar shekara a zauna a duba tafiyar, a ƙarshe a sake gwaji. In an kai ga burin, a rubuta malami ya yi ƙoƙari. In ba a kai ba, a rubuta ya gaza. Wanda ya gabatar mana da shi ya ƙara da cewa shawarar da ake yi ita ce alawus ɗin ƙarfafa gwiwar malamai ya riƙa bin wannan sakamako. Rabin farko na maganar ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Rabi na biyu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara da shekaru da abu biyu ake yi wa malami hukunci a nan: ziyarar muwajjih, wato sufeton ilimi, wanda zai zauna darasi ɗaya ya duba littafin shirin darasi ya tafi, da kuma sakamakon jarrabawar ƙarshen firamare. Na biyun nan kullum yana cin amanar malamin unguwar talakawa. Wanda aka ba 'ya'yan ma'aikata masu malamin gida da fitila da littattafai shi ke karɓar yabo, wanda ya karɓi yaro bai san alif ba ya kai shi ga karanta shafi guda kuwa babu mai tunawa da shi. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin. A watan Oktoba na 2023 hukumar Unicef ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin a Disamba 2023, jama'a suka kwararo Gadarif, azuzuwa suka zama ɗakunan kwana, aka kafa murhu a filin taro. Da aka koma karatu, sai ga ɗan shekara 8 da ɗan shekara 12 a benci ɗaya a aji uku. A irin wannan hali, tambayar "daga ina yaron ya taso, ina ya kai?" ita kaɗai ce tambayar adalci, kuma ita ce tsarin nan yake yi.

Mun gwada gwajin farkon shekara a makarantarmu, kuma ya buɗe mana ido. Malamin aji uku ya zauna a inuwar dalbejiya yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan wani yaro da ya yi shekaru a makarantar allo. Aka miƙa masa katin da aka yi wa wasali, ya karanta tiryan-tiryan da murya mai daɗi. Aka juya masa katin da ba wasali, ya tsaya cak. Aka karanta masa tambayar lissafi da Larabci, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Sai malamin ya ce masa da Hausa: "Ɗana, in Inna ta ba ka ƙullin gyaɗa goma sha biyar, ka sayar da bakwai, nawa za ka mayar mata?" Kafin ya rufe baki yaron ya ce, "Takwas, Ustaz." Yaron ya iya lissafi. Abin da bai iya ba shi ne Larabcin tambayar. Da malamin bai zauna da shi haka ba, da ya shafe watanni yana koya masa abin da ya riga ya sani. Wannan amfanin kaɗai ya isa in riƙe tsarin da hannu biyu.

To amma da zarar an ɗaura kuɗi a kai, kowane mataki na tsarin ya sami ƙofar ɓarna. Malami shi ke zaɓar burin, shi ke rubuta gwajin, shi ke makin takardu, kuma abincin gidansa ya dogara da abin da ya fito. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba a barin mai riɗi ya auna buhunsa da kansa ya faɗi nauyin a biya shi, ba don ana zarginsa da sata ba, sai don an san halin ɗan Adam. Malami mai wayo zai sa ƙaramin buri wanda ko bai yi komai ba za a kai. Mai himma zai sa babba, ya kusa kaiwa, a rubuta masa gazawa. Wani zai tsananta gwajin farko ya sassauta na ƙarshe. Ni kuma da aka ce in sa hannu, yaya zan tabbatar cewa burin malamin lissafi na aji biyar da na malamin Larabci na aji ɗaya nauyinsu ɗaya, har in ce wannan ya ci alawus, wancan bai ci ba?

Ba hasashe nake yi ba. Tsarin nan daga Amurka ya fito, kuma sun daɗe suna fama da shi. A birnin Denver aka fara gwada shi a 1999, malami ya rubuta buri biyu, in ya cim ma su a ba shi ƙarin kuɗi. Masu binciken da suka bi gwajin sun tarar cewa ɗaliban malaman da suka rubuta buri mai inganci sun fi samun ci gaba, abin da ke nuna cewa zaman da malami yake yi ya yi tunani a kan yaransa yana da albarka. Daga 2009 gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 ta yi gasa tsakanin jihohi, kuma cikin abin da ta nema har da auna malamai da ci gaban ɗalibai, sai tsarin ya bazu, musamman ga malaman da darussansu ba su da jarrabawar jiha. Me aka samu? Gidauniyar Gates da abokan aikinta sun kashe dala miliyan 575 a wani shiri na gyara awon malamai a wasu gundumomi, da cibiyar RAND ta duba shi a 2018 ta ce bai kawo ci gaban da aka nema ga ɗalibai ba. A 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta ce yawancin bincike ya nuna kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari kawai na bambancin makin ɗalibai ake iya danganta shi ga malami. A Atlanta, inda aka ɗaura ladan ma'aikata da makomarsu a kan makin jarrabawa, binciken 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara, kuma a 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. A ƙarshen 2015 sabuwar dokar ilimi ta cire hannun gwamnatin tarayya daga maganar, ta bar wa jihohi. Waɗannan mutane ne masu albashi a kan kari da ajin da bai kai rabin namu ba.

Mu kuwa muna da abin da ba su da shi. A Oktoba da Nuwamba ake yankan riɗi, kuma riɗi in ya nuna ba a yanke ba, kwansonsa fashewa yake ya zube. Benci kan zama fayau. Na taɓa zuwa gidan wani uba neman 'ya'yansa biyu, ya shimfiɗa min tabarma ya ce, "Ustaz, ka yi haƙuri, riɗi ba ya jira, makaranta kuwa tana nan." Ban ga laifinsa ba, domin da kuɗin yankan nan gidan zai ci har wata damina. Bayan riɗi ga girbin dawa. Ga 'yan gudun hijira da suka fara shekara da mu suka koma garuruwansu da hanya ta buɗe, wasu sababbi suka maye gurbinsu. Yara 60 da aka rubuta a farkon shekara ba su ne 60 ɗin da za a gwada a ƙarshe ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yaron da ya dawo daga gona ya manta rabin abin da ya koya. Yau malami yana bin sa har gida. Ranar da aka ce makinsa zai rage alawus, malami zai fi samun sauƙi in yaron bai dawo ba. Ba na so a sa mutanen kirki a wannan jarrabawa, alhali da yawansu sun shafe watanni ba albashi tun da aka fara yaƙi, suna zuwa aji da ƙafa ba su karya ba.

Roƙona ga hukumomin ilimi da masu tallafi shi ne a kawo tsarin, amma alawus a raba shi daidai ga duk malamin da ke tsayawa gaban allo, kuma a fara biyan bashin albashi. Burin kuwa malaman aji ɗaya su zauna su rubuta shi tare, gwajin ƙarshe malaman makarantar maƙwabta su shirya su yi makin, mu ma mu yi nasu. A ƙananan azuzuwa a yarda a yi wa yaro tambayar lissafi da baki a harshen da yake ji, Hausa ne ko wani. A buɗe layi a takardar a rubuta yara nawa malami ya dawo da su bayan girbi, a lissafa shi cikin ƙoƙarinsa. In ba a kai ga buri ba, muwajjih ya zo ya zauna a ajin kwana biyu ko uku ya ga dalili kafin ya rubuta komai. Ina kuma roƙon malamai da shugabannin makarantu a Najeriya da Nijar da aka taɓa gwada musu irin wannan tsari su rubuto ta wannan shafi su faɗa mana yadda suka yi da lokacin girbi da yaran da ke sauya makaranta a tsakiyar shekara, domin a zaman bita mai zuwa ina so in je da amsa a hannu.

Wassalam.

Wani hedimasta,
Gadarif, Sudan