Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ƙaramar Ministar Ilimi kan darasin ƙanjamau da ya ɓace daga aji

Zuwa ga Mai Girma Ƙaramar Ministar Ilimi ta Tarayya, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda ta fito ne daga wasu malaman sakandare da ma'aikatan lafiya masu kula da matasa, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu. Tun shekarar 2003 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da manhajar koyar da zaman iyali da kariya daga HIV, wadda hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tsara, aka san ta da FLHE. Manhajar tana nan a takarda. A makarantu da dama kuwa ba ta da awa a jadawali, ba ta da malamin da aka horar, babu kuma mai tambayar ko an koyar da ita. Tun da tsohon Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umarni a Nuwamban 2022 cewa a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, shugabannin makarantu da yawa suka fahimci cewa duk wata magana da ta shafi ƙanjamau ta haramta a aji. Kowa ya kama bakinsa don tsira da aikinsa. Muna roƙon ma'aikatarki ta fitar da takardar umarni da za ta raba abubuwan biyu, ta faɗi a sarari abin da ya wajaba yaro ya sani game da wannan cuta kafin ya bar makaranta.

Za a ce ai cutar ba ta yi yawa a wajenmu ba. Gaskiya ne binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018, aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 a faɗin ƙasa, kuma Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 0.6, a lokacin da Kudu maso Kudu ke da 3.1. Amma ƙaramin kaso a yanki mai ɗimbin jama'a mutane ne masu yawa. Wancan binciken kuma ya nuna 'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka samari sa'o'insu fiye da sau uku wajen ɗauke da ƙwayar. Waɗannan su ne ɗaliban da suka bar aji shekara biyu ko biyar da suka wuce, ko kuma waɗanda aka cire tun ba su gama ba.

Matsalar farko tana cikin tsarin manhajar ne. An rarraba darussan FLHE cikin wasu fannoni, kamar kimiyyar farko da ilimin zamantakewa da koyon tattalin gida da ilimin motsa jiki da lafiya. Niyyar mai kyau ce, don kada a ƙara wa yara nauyi. Abin da ya biyo baya shi ne kowane malami yana zaton ɗan'uwansa ya koyar, kuma idan zango ya ƙure, babin da malami ke jin nauyin faɗa shi ake fara tsallakewa. Shawararmu ita ce a ware darasi na minti 40 sau huɗu a kowane zango, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba, a rubuta shi a jadawali da sunan malamin da zai ɗauka, a sa shi cikin littafin da masu duba makarantu ke bincika. Maza daban, mata daban, mace ta koyar da mata. A sa tambaya biyu ko uku a jarabawar ƙarshen zango, domin mun sani, ɗalibi da malami duka ba sa ɗaukar abin da ba a jarabawa a kansa da muhimmanci.

Abin da za a koyar ba shi da yawa, amma sai an faɗe shi daidai. Ƙwayar HIV tana shiga jiki ta hanyar saduwa da mai ɗauke da ita, ta jini, kamar allura ko reza ko aska da aka yi amfani da ita ga wani ba a tsabtace ba, ko ƙarin jinin da ba a gwada ba, sannan daga uwa zuwa jariri lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Sauro ba ya yaɗa ta. Cin abinci a kwano ɗaya, musabaha, buta ɗaya, banɗaki ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, duk ba sa yaɗa ta. Ba a gane mai ɗauke da ita da ido, yana iya shekaru da ƙoshin jiki. Gwajin yatsa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20, amma wanda bai daɗe da ɗauka ba gwajin na iya ƙin nunawa, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata uku. Idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari za su iya ɗauka, idan tana sha yadda ya kamata adadin yana sauka ƙasa da 5. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta a jini ba ya sa wa abokin aurensa. Yarinyar da za ta yi aure shekara ɗaya bayan ta gama sakandare tana buƙatar waɗannan bayanai fiye da yawancin abin da muke sa ta haddace. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na HIV. Bai kamata ranar karɓar sakamakon ta zama ranar farko da matashi zai ji mene ne wannan gwaji ba.

Mu ma iyaye ne, kuma ba ma neman a koya wa yara abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyya. Manhajar da ake da ita a kan kamun kai aka gina ta. Inda ake samun rikici shi ne inda iyaye suka fara jin labarin darasin daga bakin yaro a gida, a gutsuttsure. Maganin hakan shi ne, kafin a fara darasin farko a kira kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai da limamin unguwa, a shimfiɗa musu littafin shafi-shafi, a bar su su yi tambaya su kuma gyara lafazi. Abin da ba za a taɓa ba shi ne gaskiyar likitanci. A kuma fassara littafin malami zuwa Hausa da sauran harsuna da hannun masana, domin malamin da ba shi da kalma mai mutunci da zai kira abu da ita, ko dai ya yi shiru ko ya faɗi kalmar da za ta tayar da aji. Kwalejojin ilimi da ke ƙarƙashin hukumarsu ta ƙasa, NCCE, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su ne wurin wannan horo. Taron bita na kwana biyu a otal, wanda ake tura mataimakin shugaban makaranta ya karɓo alawus ya dawo, bai taɓa samar da malamin da zai tsaya gaban yara 80 ya amsa tambayarsu ba.

Akwai kuma ɗaliban da ba a cika tunawa da su ba, wato waɗanda aka haifa da ƙwayar, suka girma a kan magani, yanzu suna makarantun kwana. A nan ne muke ganin ɓarna mafi yawa. Maganin da yawancinsu ke sha ƙwaya ɗaya ce a rana, a lokaci ɗaya, ba fashi. Dokar makarantar kwana ta hana ajiye magani a akwati. Idan aka yi binciken ɗakin kwana aka ga kwalba, sai a ɗaga ta gaban kowa ana tambaya. Yaron da ya ga an yi wa wani haka yakan zubar da nasa, ko ya ɓoye ya riƙa tsallake kwanaki. Fashin magani yana ba ƙwayar damar sake yawaita a jini, har ta iya daina jin maganin, a koma neman wani mai wuyar samu. Gyaran ba ya cin kuɗi. A kowace makarantar kwana a naɗa mutum ɗaya, ma'aikaciyar jinya ko malami mai riƙon amana, wanda iyaye za su sanar da shi idan sun yarda. Maganin ya zauna a akwati mai makulli a ɗakin shan magani tare da na masu asma da sikila da farfaɗiya, duk su riƙa zuwa lokaci ɗaya, yadda babu wanda zai ware wani. A ba ɗalibi izinin fita ranar asibiti ba tare da an rubuta dalili a littafin ƙofa ba. Asibitoci kan ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda, don haka ana iya daidaita karɓa da gwajin yawan ƙwayar a jini su faɗo lokacin hutu. Wanda ke kula da maganin ya san abu biyu: ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe da ake raba wa 'yan mata suna rage shigar dolutegravir, wani sinadari da ke cikin maganin HIV ɗin, idan aka haɗa su ba tare da abinci ba, sai a sha su tare da abinci ko a raba lokacinsu, kuma da azumi likita ne zai mayar da lokacin shan maganin zuwa dare, kada yaro ya yanke wa kansa.

Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta a hana mutum karatu ko aiki saboda yana ɗauke da ƙwayar, ta kuma haramta tilasta gwaji a matsayin sharaɗi. Duk da haka har yanzu akwai makarantun da ke saka gwajin HIV cikin takardun shiga, sakamakon kuma yana yawo a fayil daga tebur zuwa tebur. Takardar umarninki ta hana wannan da suna, a makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Ta kuma hana malami kiran cutar da laƙabin titi irin su kabari salamu alaikum. A ajin da ake wannan dariya, ba mamaki akwai yaron da ya sha ƙwayarsa da asuba.

Sai batun jini a harabar makaranta. Yara suna faɗuwa, suna haɓo, suna yankewa a gonar makaranta. Kowane ɗakin shan magani, ko ofishin shugaba inda babu ɗakin, ya kamata a samu kwalin safar hannu, auduga, bandeji, filasta, sabulu da ruwan bilic. Ƙa'idar ita ce a ɗauki jinin kowa da irin hattara ɗaya, ba sai an san halin mai shi ba. Bilic ɗin kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5 ana haɗa ma'auni ɗaya da ma'auni shida na ruwa, a zuba a kan jinin da ya zuba a ƙasa, a bari minti goma kafin a goge. A haɗa sabo kullum, don ƙarfinsa yana gushewa. A makarantun kwana na maza, reza ɗaya takan zagaya ɗaki guda ranar aski, haka almakashin masu yankan farce a bakin ƙofa. A sa reza da abin yanke farce cikin jerin kayan da kowane ɗalibi zai zo da nasa. Wannan zai kare su har daga ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi HIV saurin kamuwa ta wannan hanya.

Magana mafi nauyi ita ce fyaɗe. Akwai maganin kariya da ake kira PEP, wanda ake fara sha cikin awa 72 bayan abin ya faru, a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Yawancin shugabannin makarantu ba su taɓa jin wannan ba. Abin da aka saba shi ne a kafa kwamiti, a kira iyaye, a shiga sulhu don rufa asirin makaranta, kwana uku su wuce, ƙofar kariya ta rufe. Umarnin ya zama asibiti tukuna, a ranar, sauran magana daga baya. A manna sunan asibiti mafi kusa da ke ba da wannan magani a ofishin kowane shugaba. Inda akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna, a haɗa makarantu da su kai tsaye. Malamin da aka samu da laifin neman ɗaliba kuwa, a daina yi masa canjin wurin aiki, a miƙa shi ga hukuma, hukumar rajistar malamai, TRCN, ta soke rajistarsa.

Ranki ya daɗe, zaman yarinya a aji shi kansa rigakafi ne, kuma an auna shi. A Botswana, bayan gyaran tsarin makarantu na 1996 ya ƙara wa yara shekarun sakandare, masu bincike sun gano kowace shekara ɗaya da aka ƙara ta rage haɗarin kamuwa da kusan maki takwas cikin ɗari. A gundumar Zomba ta Malawi, 'yan matan makaranta da aka riƙa ba su da iyayensu ɗan tallafin kuɗi, bayan wata 18 an samu kashi 1.2 na ɗauke da ƙwayar, waɗanda ba a ba su ba kashi 3. Dalilin a bayyane yake: yarinyar da ke da kuɗin mota da na littafi ba ta dogara da babban namiji mai ba ta ba. Shirin bunƙasa karatun 'yan mata na AGILE da aka fara a 2020 da tallafin Bankin Duniya, a jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, yana da ɓangaren tallafin kuɗi da na koyar da dabarun rayuwa ga 'yan mata. Muna roƙon a saka waɗannan darussa na HIV cikin wancan ɓangare, tunda an riga an horar da mata masu jagorantar zaman kuma iyaye sun saba da su. Makarantun Islamiyya da na tsangaya, inda miliyoyin yara suke, a bi ta hannun malamansu da hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, NBAIS, da ɗan littafi na Hausa da ajami.

Mun san makarantun firamare da yawancin na sakandare a hannun jihohi suke. Amma kwalejojin tarayya a hannun ma'aikatarki suke, ana iya farawa da su a zango mai zuwa, sannan a kai takardar gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa inda kwamishinoni ke zama. Dakatar da tallafin Amurka da aka yi a farkon 2025 ya taɓa ayyukan wayar da kai da ƙungiyoyi ke yi wa matasa, don haka kuɗin bugun littafin malami da kayan ɗakin shan magani ya kamata su fito daga kasafin ilimi, da layinsu na kansu. A ƙara tambaya uku a fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara: darasi nawa aka koyar, malami nawa aka horar, kuma ko akwai wanda aka naɗa mai kula da maganin ɗalibai.

Allah ya taya ki riƙo, ya ba ki ikon sauke nauyin da aka ɗora miki.

Wassalam.

Daga wasu malaman sakandare da ma'aikatan lafiya masu kula da matasa.