Zuwa ga iyaye: batun tsibirin Gore da lakar da ke rigunan yara

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai. Ina gajiya, ya zafi, ya ɗawainiyar yara? Allah ya taya mu riƙo.

Mako uku ke nan ƴan ajin ƙarshe suna komawa gida da laka a riga, kuma ƙorafin uwaye mata ya iso ofishina. Kuna da gaskiya, sabulu ya yi tsada, ku yi mana haƙuri zuwa Asabar mai zuwa. Amma akwai wata maganar da ta fi ta wanki yi mini ciwo. Wani uba ya tare ni a bakin ƙofa yana cewa me ya haɗa ɗan Maraɗi da tsibirin teku, mu da ko gulbinmu sai damina yake kawo ruwa. Shi da masu ra'ayinsa nake so su karanta wannan a natse.

Abin da yaran ke ginawa a bayan ɗakin malamai shi ne siffar Gore, wani ɗan tsibiri a gaban Dakar, babban birnin Senegal. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota a cikinsa, kuma tafiyar minti 20 ce a jirgin ruwa daga gaɓa. Turawan Fotugal sun iso shi a 1444, daga baya ƴan Holan suka riƙe shi, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta sha karɓewa tana mayarwa. Me suke wa wannan rububi a kan ɗan dutse? Jirgi yana samun mafaka a gefensa, kuma mai igwa a kansa shi ke da iko da duk abin da ya gifta. Shi ya sa suka kafa ganuwa a kan tudun kudu da ake kira Kastel, sannan a bakin arewa Faransawa suka gina wani kagara mai da'ira a shekarun 1850, Fort d'Estrées, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Jiya na tsaya ina kallon wata yarinya tana huda tagogin igwa a jikin kagaran nan da tsinken tsintsiya, ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje don himma. Na tambaye ta dalilin da ya sa duk suka fuskanci ruwa. Ta ce, "Malam, ai ta teku abokan gaba ke zuwa." Ba hadda ta yi ba, da hannunta ta gane.

Wurin da ya fi wuya shi ne Gidan Bayi, da ƴar ƙofarsa mai buɗewa kan teku. Malaminmu na tarihi, wanda ya taka tsibirin da ƙafarsa lokacin da ya je ƙaro ilimi Dakar, bai ɓoye wa yara komai ba: ya gaya musu masana sun saɓa a kan yawan mutanen da aka fitar ta nan, ya kuma gaya musu cewa akwai hannun baƙar fata a cinikin, mu ma ƙasarmu ta san bauta. Faransa ba ta soke bauta gaba ɗaya ba sai 1848. Aji ya yi tsit ran nan. Wannan malami har Lahadi yana zuwa yayyafa wa ginin ruwa kada ya tsage, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Allah ya saka masa. Da ma sauran su yi koyi.

Ga amsata ga uban nan kuwa. Daga 1913 har wajen ƙarshen shekarun 1930, makarantar horon malamai ta William Ponty a Gore take. A can marubucin Nijar Bubu Hama ya yi karatu, haka ma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Yaran ƙasar nan ne aka ɗauka daga rairayi aka kai tsakiyar ruwa, suka dawo suka riƙe alli, daga baya suka riƙe ƙasa. Tun 1978 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. To yaya za a ce bai shafe mu ba?

Don haka ranar Asabar da ƙarfe tara na safe muna jiran kowa, yaran da kansu za su yi bayani. Iyaye maza, da ku nake. Bara kujeru uku kacal kuka cika, kuma ba duka ne ke kasuwa ba, mun sani. Ɗan ajin ƙarshe ya zo da tsohuwar riga a leda har a gama aikin.

Sauran batutuwa a taƙaice. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu, kada a kai mu ga kiran suna. Ƙofa tana rufuwa a lokacin da kuka sani, mai gadi ba shi da laifi, a daina yi masa faɗa. An gyara famfon ƴan mata. Godiya ta musamman ga uwar da ta aiko mana da buhun ƙasa biyu a amalanke ba tare da an roƙa ba.

Wassalam,
Shugaban makaranta