Godiya ga masu shagon tsoffin dardumomin Farisa a kasuwar Sharja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shago, da Baba mai gyaran darduma, da yaran shagonku da ke saman bene a babbar kasuwar Sharja, birnin da ke maƙwabtaka da Dubai, kasuwar da ake wa laƙabi da Shuɗiyar Kasuwa. Mu masu sana'ar ƙawata gidaje ne a Kano. Mun rubuto da Hausa ne don 'yan uwanmu masu zuwa Dubai saro kaya su ji, ku kuma ɗan uwanmu da ke yi muku tafinta ya karanta muku.

Duk wanda ya taɓa fita neman tsohuwar darduma mai hoto ta saƙar hannu ya san irin ciwon kan da ke ciki. A bakin dillali kowace darduma ta haura shekara 100, kowace daga fadar sarki ta fito, kowane zare mai sheƙi kuma siliki ne. Ka ce a juya maka bayanta, sai a ce wuri ya yi kaɗan. Ka ce a fitar da ita hasken rana, sai a ƙara kunna maka fitilu masu ruwan ɗorawa, waɗanda ke ɓoye duk inda aka shafa fenti. Ka fito da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kuwa, nan take rai ya ɓaci, a ce ka raina mutane. Ga kuɗin ba kaɗan ba, kuma galibi amanar wani ce a hannunka. Da wannan fargabar ake hawa benen nan, shi ya sa abin da muka tarar a wurinku ya ba mu mamaki.

Akwai wata dardumar Kirman, wani birni a Iran, a shagonku mai hoton Bahram Gur, wani sarkin Farisa na dā, a wurin farauta, an saƙa shekarar 1330 a ɗan akwatin rubutun da ke samanta. Idan Hijira ce irin wadda muka sani, ta lissafin wata, 1330 ta zo daidai da 1912, wato zamanin Ahmad Shah, sarki na ƙarshe a gidan sarautar Ƙajar na Iran. Da Alhaji ya yi shiru, da haka za a ɗauka, kuɗi kuma ya tashi. Sai ya ce a'a. Tun 1925 Iran ta koma kalandar Hijira ta lissafin rana, a wannan lissafin kuma 1330 ita ce 1951. Kusan shekara arba'in ke nan ya rage wa kayansa da bakinsa. Ya kuma kawo hujja: launukan sun yi fari-fari, ruwan madara da ruwan hoda da shuɗi mai haske, irin waɗanda Kirman ta riƙa saƙa wa kasuwar Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, gashin yana da kauri, rinin ya zauna bai ɗaya tun daga sama har ƙasa, babu layin sauyin launi da ake samu idan an rina ulu kashi-kashi da hannu. Ya ƙara da cewa hoton sarki ba ya nuna shekaru, domin takardar zane ɗaya ana iya saƙa ta yau, jika ya sake saƙa ta bayan shekara hamsin. Wallahi a sana'ar nan ba mu saba jin mai kaya ya faɗi abin da zai rage masa riba ba.

Bayan nan ne aka fito da ta ainihi, tsohuwar dardumar garin Rawar na yankin Kirman, tsawonta santimita 200, faɗinta 130, aka miƙa mu hannun Baba. A kan dattijon nan muke so mu ɗan tsaya, domin yabon gwani ya zama dole.

Bai fara da hoton ba, kife ta ya yi. Ya aza ma'auni a bayanta ya ƙirga ƙulli 7 a tsaye, 7 a kwance cikin kowace santimita, wato 49. A faɗin wannan darduma abin ya kai wajen ƙulli miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Lissafin yana da amfani musamman ga mai hoto: fure yana jure ƙulli mai gwaɓi, fuska ba ta jurewa. In ƙullin ya yi ƙasa da haka sosai, ido da hanci da ƙafar doki sai su fito hawa-hawa kamar matakala. Ya buɗe gashin ya nuna mana ƙullin Farisa, wanda ke zagaye zaren tsaye ɗaya ya bi ta ƙarƙashin na kusa da shi, irin na Kirman da Kashan da Isfahan da Ƙum, saɓanin na Tabriz da ke zagaye duka biyun. Ya nuna zaren kwance uku tsakanin layin ƙulli da na gaba, alamar saƙar Kirman. Ya ja gezar don mu ga cewa ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba kamar ta inji. Sannan ya bi jikinta yana neman inda masaƙi ya yi ha'inci ya ɗaura ƙulli a kan zare huɗu maimakon biyu. Wannan dabara tana rage aiki da rabi, amma wurin ne ke fara sanƙo.

Da ya zo kan rini, shi da kansa ya jiƙa farin ƙyalle ya danna a kan ja, da shuɗi mai duhu, da baƙi, ya ɗaga babu ko ɗigo. Ya lanƙwasa gashin ya ce mu dubi gindinsa da kansa. Rinin itatuwa yana laushi ne a hankali, gindi da kai suna kusa da juna. Rinin kanti na farko-farko, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1856 ya kuma isa Iran bayan 'yan shekaru, shi ne za ka ga kai ya koɗe ya koma toka-toka alhali gindi na nan shar. Jan wannan darduma mai ɗan karkata zuwa ruwan hanta ne, na ƙwaron rini da aka san Kirman da shi, ba na saiwar itace ba. Shuɗin kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya san marinar Ƙofar Mata. Baƙin da ya zagaye zanen ya ɗan nutse ƙasa da sauran gashin, Baba ya ce sinadarin ƙarfen da aka kama rinin da shi ne ke cin ulu sannu a hankali, kuma wannan shaidar tsufa ce mai wuyar ƙirƙira.

Abin da ya fi kwanta mana a rai shi ne yadda ya tona gyaran da ya yi da hannunsa. Ya haska fitila irin ta duba jabun kuɗi, sai ga wani wuri mai faɗin tafin hannu a kusurwar ƙasa ya fita dabam. Asu ne ya ci, ya sa sabon zaren tsaye, ya sake ɗaura ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Gefe ɗaya ma an sake naɗe shi. A wasu wurare da alƙalamin fenti ake rufe irin wannan, ko a liƙa ƙyalle da gam ta baya, gam ɗin ya bushe ya karya zaren. A ƙarshe ya lanƙwasa ta a hankali kusa da kunne. In aka ji ƙas-ƙas, danshi ya riga ya ruɓar da audugar ciki, irin wannan kuwa ba ta da magani. Wannan shiru ta yi. Duk abin nan an rubuta shi a rasit: gari, kimanin shekaru, awo, ulu a kan auduga, da wuraren gyara biyu. Naɗewa da kai kaya kago sun tafi lafiya.

Ga masu tambayar me ake nema a irin wannan darduma: ba ta takawa ba ce, ta bango ce. Ta yi tashe ne a zamanin Ƙajar, musamman bayan da hoto da buga littattafai masu zane suka yaɗu a mulkin Nasiruddin Shah, daga 1848 zuwa 1896, masaƙa suka shiga kwaikwayon jaruman Shahnama, littafin waƙen sarakunan Farisa, irin su Rustam, da kuma labarin Laila da Majnun, da kangon Takti Jamshid, tsohuwar fadar sarakunan Farisa. Guda ɗaya ta ishi falo. A ɗauko launi biyu daga cikinta a yi labule da filon kujera da su, sauran bangon a bar shi fayau, domin in aka jera mata hotuna da agogo a gefe sai ta ɓace. Kada a buga mata ƙusa, nauyinta zai yaga zaren. A ɗinka Velcro, wato ɗamarar nan mai ɓari biyu da ke manne wa juna irin ta takalmin yara, mai faɗin santimita 5 a kan ƙyallen auduga, a ɗinka ƙyallen da hannu a bayanta daga gefe zuwa gefe, ɗaya ɓarin a manna shi a katako a ɗaure a bango. A guji bangon da rana ke dukansa, da wanda ke jiƙewa da damina, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Batun hoton mai rai kuwa malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya biya. Mun ji daɗi da Alhaji ya taɓo maganar tun kafin mu taɓo, ya shimfiɗa mana masu bishiya da lambu da gine-gine ga wanda ba ya son mutum ko dabba a ɗakinsa.

Damuwarmu ita ce abin da ke jiran irin wannan kaya idan ya iso gida. Darduma ta yi shekara 100 lafiya a hannun masu ita, ta zo ta mutu a rana ɗaya a wurin wankin mota. A baza ta a siminti, a zuba garin sabulu mai bilic, a sa burushin roba, a bi ta da mesa mai ƙarfi, sannan a rataye ta a katanga cikin tsakar rana. Ja ya malale cikin fari, fuskar hoton ta dagule, gefe ya karkace. Alhali abin da take bukata ruwan sanyi ne da sabulu marar kaifi da ɗan farin ruwan khal, a bi kwanciyar gashi, a shanya ta a kwance a inuwa inda iska ke ratsawa, ta bushe da wuri. Ƙurar hunturu ma a riƙa zuƙe ta a hankali ta baya da gaba, domin yashin da ya sauka gindin ƙulli yanka yake yi. Masu ajiya kuma sai su ninke ta huɗu su cusa a leda a ɗora a ƙasan sito, zufa ta kama ta, gara ta samu auduga, asu ya samu ulu. Naɗe ta ake yi a jikin bututu mai kauri, gashi ta waje, a rufe da farin yadi, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa warwarewa ana dubawa duk bayan 'yan watanni. In an ga asu, a naɗe ta a leda ta yi mako guda a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Masu sayarwa a nan da yawa ba sa gaya wa mai saye ko ɗaya daga cikin wannan, rasit ɗin ma "kafet guda ɗaya" kawai ake rubutawa a kai.

Alhaji, Baba, mun gode ƙwarai. Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya ƙara wa Baba lafiyar ido da ta hannu.

Wassalam,
Masu ƙawata gidaje daga Kano.