Ba yawan lodi kaɗai ke kifar da jirgi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da na sani a kan sana'ar da nake ci da ita. Ni bakaniken injin jirgin ruwa ne a Ikorodu, Jihar Legas. Asalina mutumin Yawuri ne, a bakin kogi na tashi, mahaifina kwale-kwale yake tuƙawa. Yau shekarata 17 ina aiki da ƙananan jiragen fiba masu gudu da ke jigilar mutane daga Ikorodu zuwa tashoshin CMS da Falomo a cikin Legas, da masu tsallakawa tsakanin Ijede da Badore.

Duk lokacin da jirgi ya kife, magana ɗaya ake yi, wai lodi ya yi yawa. Haka aka ce a hatsarin Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, haka aka ce a na yankin Patigi ta Jihar Kwara a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ban musa ba. Amma waɗancan manyan jiragen katako ne. Jirgi mai gudu halinsa daban. Ana iya zuba masa daidai adadin da doka ta yarda, kowa da rigar ruwa a jikinsa, kuma a tashi da hatsari a ciki, saboda wurin da aka ajiye nauyi da kuma yadda aka rataya injin.

Dalili shi ne jirgi mai gudu ba ya keta ruwa irin na kwale-kwale. Da ya samu wuta sai ya ɗago ya hau saman ruwan, ɗan ɓangaren bayansa kawai ke taɓawa. A wannan hali kamar tire yake a kan mai talla: ba nauyin kayan ke karkatar da shi ba, jibge su gefe guda ne.

Damina biyu da suka wuce na shiga jirgin wani yaro da nake yi wa gyara, za mu tsallaka Badore. Wani dattijo ɗan uwanmu mai sayo gwari a kasuwar Mile 12 ya zo da manyan buhunan albasa 4. Kwandasta ya jibge su duka a can goshin jirgin, wato gabansa, don nan ne babu kujera. Na ce, "Baba Alhaji, don Allah a dawo da biyu tsakiya, a kwantar da su ƙasa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kujeru ma ba su cika ba, ina lodin yake?" Ta fuskar ƙirga kai, gaskiyarsa. Muka tashi. Goshin ya ƙi ɗagowa, yana huɗar ruwa kamar garma, feshi yana ta dukan na gaba. Da muka zo ratsa igiyar ruwan da wani babban jirgi ya bari a bayansa, sai goshin ya cafki ruwa ya fizge mu hagu, bayan jirgin ya zame, wata baiwar Allah ta faɗo daga kujerarta kan gwiwata tana salati. Direba ya yi maza ya sauke wuta, Allah Ya tsare. A nan muka tsaya cak, muka jawo buhu biyu tsakiya, jirgin ya koma kamar ba shi ba. Goshin jirgin nan siriri ne mai kaifi. In ya nutse da yawa, shi ke zama sitiyari, ya ƙwace tuƙi daga hannun direba.

Nauyin baya kuwa shi na fi gani a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu jirage da dama suka koma sayen inji fo-sitirok don ya fi tattalin mai, alhali ya fi tsohon tu-sitirok nauyi. Fo-sitirok mai ƙarfin doki 200 ya haura kilo 200. Sai a jera jarkokin fetur a gindinsa, kowace mai lita 25 ta kai kilo 18, ke nan jarka 6 sun fi buhun shinkafa biyu. Ga batir, ga direba da yaronsa, ga fasinjojin da ke gudun feshi suna komawa kujerun baya. Idan aka ba da wuta, goshi ya miƙe sama, direba ba ya ganin gabansa na ɗan lokaci, kuma a wannan ruwan akwai kwale-kwalen masunta, akwai gungume, akwai tarin kainuwa. Jirgin zai daɗe bai hau saman ruwa ba, yana ta shan mai. In ya hau kuma sai ya fara abin da muke kira sukuwa, goshi ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, har bayan tsofaffi ya yi ciwo. Kada a manta da ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Kowace lita kilo guda ce, kuma ba ya zama wuri ɗaya, yana gudu baya in an taka, ya gudu gefe in an sha kwana, daidai lokacin da ba a son sa a can.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, domin ido ba ya kai mata: tsayin da aka rataya inji. A saman farfela akwai wani faifan ƙarfe mai faɗi. Ƙa'ida ita ce ya yi daidai da ƙasan jirgin, ko ya ɗan ɗara shi kaɗan. Shi ya sa masu ƙera inji suke jera ramukan kusoshi a jikin maƙalarsa, tazarar kowane biyu kashi uku cikin huɗu na inci, don a ɗaga ko a sauke. Ƙafar inji, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa da farfela a ƙarshensa, ita ma tsayi-tsayi ce, akwai mai inci 15, da 20, da 25, kuma kowane jirgi da wadda aka yanka allon bayansa dominta. Amma mutum zai samu tokumbo mai araha mai ƙafa inci 25, ya rataya a jirgin da ke son mai inci 20. Inci 5 ke nan na ƙarfe da ake ja a cikin ruwa a banza, kuma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Alamarsa ba ta ɓuya: feshi na tashi ta gefe biyu na ƙafar, inji ba ya kaiwa juyin da littafinsa ya faɗa, sitiyari ya yi tauri, farfela na dukan yashi in ruwa ya janye.

Matasan direbobi kuma sun ji an ce ɗaga inji na ƙara gudu, sai su wuce gona da iri. Gaskiya ne yana ƙarawa, amma da iyaka. In ya yi sama da yawa farfela na shaƙar iska, ka ji inji ya ƙwala ihu amma ba ya ja, kuma a kwana ko cikin igiyar ruwa yake yin haka, inda direba ya fi bukatar riƙo. Ramukan da ke zuƙo ruwan sanyaya inji ma a ƙafar suke. In suna fitowa waje, fitsarin injin, wato siririn ruwan sanyaya da yake tsartowa waje, zai rage ƙarfi, zafi ya hau, a ƙona abin miliyoyi.

Akwai wani mai jirgi da ya zo min ya rantse injinsa ya mutu, har ya fara cigiyar wani. Na ce mu fita gwaji da lodi irin na kullum. Na kwanta rub da ciki a baya, yarona na riƙe da ƙafata, na leƙa. Faifan nan ko alamarsa babu, ya nutse. In da daidai yake, da na gan shi yana shafar saman ruwa, feshi na wanke shi. Muka dawo muka ɗaga rami ɗaya, muka sake fita, muka ƙara ɗaya. Kowane karo ina duba juyin inji, ina duba fitsari, muna shan kwana dama da hagu. Muka matsar da jarkoki da batir gaba da kujera biyu. Ko sifana ban sa wa cikin injin ba, sukuwar ta tsaya. Rami ɗaya-ɗaya ake bi, ba a tsalle, kuma farfelar ƙarfe mara tsatsa ta fi ta alminiyom jure tsayi. Tirim, wato maɓallin da ke karkata ƙafar inji sama ko ƙasa, shi ma yana taimakawa, a danna ƙasa wajen tashi, a ɗan ɗago in an hau ruwa, amma ba ya gyara injin da aka rataya ba daidai ba.

Wani abu ƙarami: yawancin farfela dama take juyawa, wannan kan sa jirgi ya ɗan kwanta hagu. In aka tara masu jiki a hagu an ƙara masa.

Roƙona ga LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, shi ne jami'anta da ke ƙirga fasinja da duba rigar ruwa a tasha, aikin da nake yaba musu a kai, su ƙara da duba inda kaya da jarkoki suke, kuma wajen binciken jirgi a sa ma'auni a allon baya a ga ko ƙafar inji ta dace da shi. Haka NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, da ke Lokoja, domin manyan injina sun fara isa kogunanmu na Arewa, kuma mai gyaran janareta ne sau da yawa ke ɗaura su. 'Yan uwana 'yan kasuwa na Mile 12 da Agege da Alaba Rago kuma, in direba ya ce Alhaji koma kujerar can, ko a raba buhunan nan, don Allah a yi haƙuri a tashi. Ba raini ba ne. Shi ke jin jirgin a tafin hannunsa.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani bakaniken injin jirgin ruwa,
Ebute, Ikorodu, Legas