Amsa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Kan Lambar 2,147,483,647

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a me ya sa nake yawan kawo 2,147,483,647 a darussana, alhali a ganinka lamba ce kamar kowace, sai dai tsawo. Tambayar ta yi mini daɗi, kuma ba tsawonta ne ya ja ni ba.

Jera 2 har guda 31, ka ninka su da juna. Za ka samu 2,147,483,648. Wannan mai sauƙin kai ce, kana raba ta biyu kana sake rabawa har ka sauko kan 1. To, debe 1 kacal daga cikinta. Abin da ya rage mara ce, ba cika ba, kuma babu lambar da za ta raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ne masu lissafi ke kira firam. Har yau ɗayan nan da aka debe yana ba ni mamaki.

Kada ka zaci kullum haka abin yake. Gwada da 2 guda 11: ka samu 2,048, ka debe 1, saura 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Waɗanda suka fito firam ta wannan hanya ana kiransu da sunan Marin Mersenne, Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma tamu ce ta takwas a jerinsu. Ita kanta 31 ɗin 'yar gidan ce, 32 ce aka debe wa 1.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da cewa lambar tamu firam ce a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya, kuma babu na'ura. Bai tsaya gwada lambobi biliyan biyu ba. Ya san in da mai raba ta, to akwai ɗaya ƙasa da 46,341, don 46,341 sau kanta ta riga ta zarce ta. Ya kuma san duk mai raba ta, in aka raba shi da 62, dole ya bar saura 1. Da irin wannan tankaɗe aikin ya koma abin da hannu zai iya. Wannan dabarar nake so ɗalibai su gani.

Akwai ƙari. Ninka lambar tamu da 1,073,741,824, ka samu 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba irin 6, wadda masu raba ta ban da ita kanta, 1 da 2 da 3, in an tara su suke mayar da ita.

A kwamfuta kuwa, 2,147,483,647 ce iyakar abin da gurbi mai bit 32 (bit shi ne ɗan wurin da ke ɗaukar 0 ko 1) ke ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar debewa. Tsofaffin na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 za su ci karo da ita ranar 19 ga Janairu 2038, agogonsu ya koma 1901 in ba a gyara su ba.

Ka ɗauki biro ka raba 2,047 da 23, ka faɗa mini abin da ka gani.

Naka,
Malamin lissafi